Kashi Bakwai na Me? Lissafin Kason Uwar Kamfani a Harkar Kula da Gidajen Haya

Duk wanda aka miƙa wa takardar yarjejeniyar aron sunan kamfani, wato tsarin faranchayis, abin da idonsa ke fara nema shi ne kaso nawa zai riƙa biyan uwar kamfani, wato kamfanin da ya ara masa sunan. Ya ga kashi 7 cikin 100 ya ce da sauƙi, ya ga kashi 10 ya ce an tsawwala. A harkar abinci ko sayar da kaya, irin wannan duba ba ya cutarwa sosai. A harkar kula da gidajen haya kuwa, wanda ya sa hannu a kan kashi 5 zai iya fin wanda ya sa hannu a kan kashi 10 shan wuya, domin hukuncin yana can cikin wani sakin layi da ba a cika karantawa ba, inda aka fayyace abin da za a ɗauka a matsayin kuɗin shiga.

Maganar ta shafe mu a Gombe. Tun da aka ƙirƙiri jihar ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ke faɗaɗa. Jami'ar jiha ta zo a 2004, ta tarayya da ke Kashere a 2011, sannan rikicin Boko Haram ya turo iyalai masu yawa daga Borno da Yobe. Dubi Tumfure, dubi Shongo, dubi yadda gini ke cin gonaki ta kowace kusurwa. Da yawa daga masu waɗannan gidaje suna Abuja ko Kano ko Kaduna, ba su da lokacin bin ɗan haya. Shi ya sa aikin dillali yake sauya kama. A da ya haɗa mai gida da ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, shi ke nan. Yanzu ana neman wanda zai riƙe gidan shekara da shekaru: ya karɓi haya, ya kira mai gyara, ya biya maigadi, ya aika wa mai gida lissafi. Irin wannan aiki yana son tsari da manhaja da sunan da za a amince da shi, kuma waɗannan ne hajar da kamfanonin ba da aron suna ke sayarwa. Ko da kamfanin na Abuja ne ya ba matashi a Jekadafari izinin buɗe ofishi da sunansa a kan kaso, ko na ƙetare ne, tambayar ɗaya ce.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka, inda kamfanoni irin su Real Property Management da Property Management Inc., duka biyun daga jihar Utah, suke da rassa masu yawa a hannun mutanen da ke cin gashin kansu. Mai reshe yana biyan kuɗin karɓar izini sau ɗaya, sannan ya riƙa biyan kason suna, wato ladan aron sunan, a kai a kai, wanda a mafi yawan harkokin aron suna yake tsakanin kashi 4 zuwa 8. Sau da yawa akwai kuma kason asusun talla, shi ma a kan ma'auni ɗaya ake lissafa shi, wato kuɗin shigar reshe. Wato kuskure ɗaya a fayyace kuɗin shiga yana cizo sau biyu.

Me ya sa ba a lissafa kason a kan riba? Nan dole a yi wa uwar kamfani adalci. Riba abu ce mai sauƙin ɓatarwa a takarda. Mai reshe zai iya sa ƙaninsa a albashi, ya sayi mota da sunan ofishi, ya rubuta man da ya sha zuwa biki a Bajoga a matsayin tafiyar aiki, ƙarshen shekara riba ta zama babu. Uwar kamfani ba ta da ido a kan kowace kashewa, saboda haka take kafa kasonta a kan jimillar abin da ya shigo kafin a cire komai. A gidan cin abinci wannan ba ya da wahalar ganewa: duk abin da mai saye ya biya na mai shagon ne, in ban da haraji. Matsalar tana tasowa ne idan aka kwaso wannan jimla kamar yadda take aka dasa ta a yarjejeniyar kula da gidaje, inda mafi yawan kuɗin da ke bi ta hannun mutum ba nasa ba ne.

A ƙaddara mai reshe a Gombe yana riƙe da gidaje 100, kowanne hayarsa naira 500,000 a shekara. Naira miliyan 50 ke nan take ratsa asusunsa. La'adarsa kashi 10 ce, miliyan 5. Ranar Litinin wayarsa ta yi ƙara, alat ɗin naira 500,000 ya shigo daga wani malamin makaranta da ke haya a Federal Low Cost. Kafin la'asar Alhaji mai gidan ya kira daga Kaduna: “Malam, na ji yaron nan ya biya.” Shi kuma ya ce, “Ƙwarai, ranka ya daɗe, yanzu zan tura.” Naira 450,000 ta fita. Abin da ya kwana a hannunsa 50,000 ne. Idan kason suna kashi 7 ne na la'ada, a shekara zai biya naira 350,000, ya rage masa miliyan 4 da 650,000 ya biya hayar ofishi da albashi da mai. Idan kuwa takardar ta ce kashi 7 na “duk kuɗin da reshe ya karɓa ta kowace hanya”, ba tare da togaciya ba, to a bisa lafazi ana bin sa miliyan 3 da rabi, kashi 70 na abin da ya samu. Babu sana'ar da za ta rayu a haka.

Matsayin mai kula da gidaje kamar na makiyayin da aka ba riƙon shanu ne: nono nasa ne, shanu na masu su. Wanda zai karɓi kaso daga hannunsa, a ƙwaryar nono zai duba.

Gaskiya ne kamfanonin da suka san harkar ba sa neman kaso a kan kuɗin hayar masu gidaje. Ko a dillancin sayar da gidaje haka abin yake: kamfanin Keller Williams na Amurka, alal misali, a kan la'adar dillali take ɗaukar kashi 6, ba a kan farashin gidan ba, kuma ta yi wa abin iyaka a dala 3,000 a shekara ga kowane dillali. Saboda haka kuɗin haya shi ne ɓangare mai sauƙi, matuƙar an rubuta shi ƙarara. Inda ake kai ruwa rana shi ne kuɗaɗen da ke tsakiya, waɗanda wani sashensu na mai reshe ne, wani sashen amana ce, kuma na gyara ne kan gaba.

Ɗauki gida mai ɓangare shida a Tumfure. Injin burtsatse ya ƙone, 'yan haya sun kwana biyu suna sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, kira ba ya yankewa. Mai reshe ya kira mai gyara, aka ciro injin daga rijiya, aka sayo sabo, aka mayar. Kuɗin kaya da na aiki ya kama naira 200,000. Ya ɗora kashi 10 na wahalarsa, wanda mai gida ya san da shi, ya rubuta 220,000, ya cire daga hayar da ke hannunsa. To nawa ne kuɗin shigarsa a wannan aiki, 220,000 ko 20,000? Idan an ce 220,000, kason suna ya kama 15,400, sama da kashi uku cikin huɗu na abin da ya samu. Idan an ce 20,000, ya kama 1,400. A faɗaɗa wannan zuwa shekara guda: gyaran miliyan 8 da ladan 800,000 a kai, bambancin shi ne tsakanin biyan 616,000 da biyan 56,000. Abin da ya fi damuna a nan ba asarar mai reshe kaɗai ba ce. Mutumin da ya ga kowane gyara yana jawo masa hasara zai fara jan ƙafa, ko ya ce wa mai gida ya tura wa mai gyara kuɗin kai tsaye don kada ya bi ta littafi, ko ya ƙara kuɗin a ɓoye. Duk wanda ya zaɓa, ɗan haya ne zai ƙara kwana babu ruwa, mai gida ne zai biya fiye da kima, kuma sunan da aka ara shi ne zai ɓaci.

Masana lissafi suna da ma'auni a kan wannan. Ƙa'idar lissafin kuɗin shiga ta duniya, IFRS 15, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta bambanta mai ciniki da kansa da wakili. Idan aikin a ƙarƙashin ikonka yake kafin ya isa ga mai saye, kai za a tuhuma idan ya lalace, kai ka yanka farashi, to duka kuɗin naka ne, abin da ka biya ma'aikata kuma kashewa ce. Idan haɗa mutum biyu kawai ka yi, kuɗin shigarka shi ne ladanka kaɗai. A bisa wannan, reshen da ke da masu gyaran famfo da na wuta a kan albashi, kuɗin gyaran duka nasa ne; wanda ke kiran mai gyara daga waje ya miƙa masa kuɗin mai gida, ƙarin da ya ɗora ne kawai nasa. Sai dai a lura, wannan ƙa'ida littafin kamfani take tsarawa, ba ta ɗaure yarjejeniya. Idan takarda ta fayyace kuɗin shiga ta wata hanya dabam kuma mutum ya sa hannu, abin da ya sa wa hannu shi alƙali zai duba. Ra'ayina shi ne a bi wannan ma'auni a cikin yarjejeniyar kanta, sannan ko ga reshe mai ma'aikatansa a sa wa gyara kaso ƙarami fiye da na la'ada, domin siminti da bututu da waya sun riga sun cinye yawancin kuɗin.

Kuɗin hidima na gidajen da ke cikin katanga ɗaya shi ma haka ne. Ana tara wa 'yan haya kuɗin dizal da maigadi da kwashe shara da wutar JED ta harabar gida. Wannan tarin kuɗi ne da aka ba mutum ya kashe a madadin jama'a, ragowarsa ma tasu ce. Kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna, nasa ne har ranar da zai tashi, kuma ko an riƙe wani abu daga ciki, gyaran gidan ake yi da shi. Kuɗin rubuta yarjejeniyar haya na lauya ne. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairu 2020, na gwamnati ne. Idan reshe ya kai matakin karɓarsa, kowace 100,000 ta la'ada tana zuwa da 7,500 da ba tasa ba. Duk waɗannan a ambace su da sunayensu a cikin abin da aka cire. Kalmar “da makamantansu” ba ta wadatar ba.

Akwai wani abu da takardar da aka rubuta a Amurka ba za ta taɓa hangowa ba, alhali kowa a Gombe ya san shi. Gida ɗaya yakan bi ta hannun dillalai biyu ko uku kafin ya samu ɗan haya. Wannan ya san mai neman gida, wancan ya san wanda ke riƙe da makulli, na uku shi ya ɗauko mutumin a babur ya kai shi. Idan an biya la'adar shiga gida ta naira 50,000, a gaban shago ake raba ta, mai reshe ya tashi da 20,000 ko 25,000. Rasit kuwa 50,000 ya nuna, da tambarin reshe a kai. Idan ba a rubuta cewa rabon dillalan waje ba ya cikin lissafi ba, mutum zai biya kaso a kan kuɗin da ko kirga shi bai gama yi ba ya fita daga hannunsa. Uwar kamfani tana da haƙƙin neman shaida, kuma shaidar ba ta da wuya: a tura wa dillalin rabonsa ta banki, ko ya sa hannu a takarda.

Sai batun lokaci. Shin kuɗi yana zama kuɗin shiga ranar da aka rubuta takardar neman biya, ko ranar da ya shigo hannu? A Amurka haya wata-wata ce, kuma mai kula da gida yana cire kashi 8 zuwa 12 kowane wata, saboda haka tazarar ba ta da yawa. Mu haya shekara-shekara ce a takarda, a aikace kuwa ma'aikacin gwamnati zai kawo rabi, ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata, manomi ya ce sai kaka, wani ya shafe wata huɗu ana bin sa. Mai gida da kansa yakan ce a ƙyale wance, marayu ne a hannunta. Idan lissafin a kan abin da aka nema ne, mai reshe zai biya kaso a kan la'adar da bai gani ba, wataƙila ma ba zai taɓa gani ba. Abin da ya dace da kasuwarmu shi ne a lissafa a kan abin da aka karɓa, kuma idan an mayar wa wani kuɗinsa, a cire daga lissafin watan gaba.

Daura da wannan akwai mafi ƙarancin kason da wasu yarjejeniyoyi ke ɗorawa kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ga wanda kuɗinsa ke shigowa a dunƙule a wasu watanni, kamar mai gidajen ɗalibai da ke cika a farkon zangon karatu, ya kamata a auna wannan a shekara, ba a wata ba. Idan kuma da dala aka yanka shi, to hatsarin ya ninka. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Dala 500 a wata ta tashi daga naira 230,000 zuwa 750,000, alhali hayar da aka yanka wa ɗan haya ba ta motsi sai shekara ta zagayo.

Kada a ɗauka duk tsoron a ɓangare ɗaya yake. Uwar kamfani ta san cewa kowace ƙofa da ta bari a buɗe, akwai mai bi ta ciki. Idan gyara ba ya cikin lissafi, wani zai rage la'adarsa zuwa kashi 5 don ya ja masu gidaje, ya buɗe kamfanin gyara da sunan ɗan'uwansa, ya kwashe ribar ta can. Idan sayar da filaye ba ya ciki, wani zai yi amfani da allon kamfani da amincin da sunan ya jawo masa ya riƙa dillancin fili, ya ce wannan harkarsa ce ta gefe. Shi ya sa ake samun sharaɗin da ke haɗa kuɗin kamfanonin da ke da alaƙa da mai reshe a cikin lissafi, da wanda ke ba uwar kamfani damar binciken littattafai, har da ɗora wa mai reshe kuɗin binciken idan aka samu ya rage abin da ya bayyana da wani ƙaramin kaso. Ban ga laifin waɗannan ba. Wanda ya ci moriyar suna ya biya haƙƙin suna, ɓoyewa kuma cin amana ne ko da an yi masa ado da takardu. Abin da za a tattauna shi ne iyaka: wane aiki ne sunan ya jawo, wane ne mutum yake yi tun kafin ya san kamfanin. Dillalin da ya shiga tsarin da gidaje 60 da ya tara da guminsa yana da hujjar neman rangwame a kansu, ko da na shekarun farko ne, kuma ya tabbatar an rubuta wa za su bi ranar da aka rabu.

Ta fuskar doka, mai sa hannu a Amurka yana da kariyar da namu ba shi da ita. Dokar hukumar kasuwanci ta tarayyarsu, FTC, da ta fara aiki a 1979 aka sabunta ta a 2007, ta tilasta wa uwar kamfani ta ba mutum kundin bayani mai sassa 23 aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya wani abu, kuma a sashe na 6 ake jera kason suna da sauran kuɗaɗen da za a riƙa biya. A nan gida abin da ya fi kusa da sa ido shi ne hukumar NOTAP, wadda ake yi wa yarjejeniya da kamfanin ƙetare rajista a wurinta kafin a iya tura kuɗin waje ta banki, kuma ita a kan tataccen ciniki, wato abin da ya rage bayan an cire irin su haraji, take auna kaso, ba ta barin ya wuce kima. Idan duka ɓangarorin 'yan gida ne, takardar da suka rubuta ita ce gatansu. Sannan kula da kadarori aiki ne da ke da hukumar rajistar ƙwararru, ESVARBON, wadda aka kafa da doka a 1975, kuma ɗaya daga ginshiƙan wannan sana'a shi ne ware kuɗin masu dukiya a asusu dabam.

Wannan ware asusu ya fi ƙarfin ƙa'idar ofis a wurinmu. A fiƙihu wakili amintacce ne, abin da ke hannunsa na wanda ya wakilta shi amana ce, kuma malamai sun shardanta cewa ladan aiki ya zama sananne, don kauce wa jahilcin da ke haifar da husuma. Kaso da ba a san a kan me za a lissafa shi ba, bai cika sananne ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin ƙananan ofisoshinmu asusu ɗaya suke da shi. Haya ta shigo nan, kuɗin cefane ya fita daga nan, wani ɗan haya ya biya ta POS ɗin maƙwabci, wani ya kawo tsaba a leda. Mai irin wannan littafi, ko an rubuta masa togaciya mafi kyau a duniya, ranar bincike ba zai iya nuna wace naira ce tasa wace ce ta Alhaji ba, kuma mai bincike zai ɗauki duk abin da ya gani ya shigo. Asusu biyu ake buƙata: ɗaya na amana, inda haya da kuɗin ajiya da na hidima ke sauka, ɗaya na reshe, wanda ba ya karɓar komai sai la'ada da ladan aiki. Daga nan sai a rubuta cewa kason suna a kan abin da ya shiga asusu na biyu yake.

Kafin sa hannu, mai niyya ya zauna da lauyansa da akanta, su ɗauki wata guda na ainihin aikinsa, da hayar da aka biya rabi, da injin da ya ƙone, da la'adar da aka raba uku, da kuɗin ajiyar da aka mayar, su jera su a takarda ɗaya. A miƙa wa wakilin uwar kamfani ya rubuta da hannunsa nawa ne kasonsu a kowane layi. Idan lissafin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, a liƙa takardar a jikin yarjejeniya ta zama sashe daga cikinta, da sharaɗin cewa idan lafazi ya yi karo da misalin, misalin za a bi. Idan kuma ya saɓa, an ga wurin gyara tun kuɗi bai fita ba.